Shagon da ba ya ciniki: Sabon rumbun mutanen Daura na buƙatar takarda

Duk wanda ya saba zagaya Daura ya san wani irin shago. Yana cikin jerin shaguna kamar kowanne, da ƙofar ƙarfe da ɗan barandarsa, amma babu allon suna, babu benci a gaba, babu mai shiga sayayya. Kwaɗo biyu ne a jikin ƙofar, wani lokacin uku. Mai shayin da ke gefe zai iya rantsewa bai taɓa ganin an sayar da ko ashana a wurin ba, amma ya san duk shekara ana biyan kuɗin haya babu fashi.

Idan aka buɗe irin wannan shago, abin da za a tarar ya danganta da wanda ke riƙe da makullin. Wani buhunan gero ne da wake har rufi. Wani katifa ce sabuwa a cikin ledarta, da gado da ba a haɗa ba, da kwalaye na kwanuka. Wani babura ne a jere kamar a gareji. Wani kuma firiza ce guda biyu suna ta gurnani a cikin duhu, ana haɗa ƙanƙarar azumi.

A Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta, da manyan kamfanoni. Ana gina ɗakuna a jere, kowanne da lambarsa, mutum ya kama ɗaya yana biya duk wata, ya kawo kwaɗonsa ya rufe. Harkar ta fara yaɗuwa ne a shekarun 1960, kuma ɗaya daga cikin manyan kamfanonin, Public Storage, an kafa shi a 1972. Mutanen can ba su tsaya ga ajiye tsofaffin kujeru ba. Akwai masu mayar da ɗakin wurin motsa jiki, da makaɗan da ke zuwa gwajin kiɗa don kada su dami maƙwabta, da masu sayar da kaya ta intanet da suka mayar da shi sitonsu, har da waɗanda haya ta gagara suke laɓewa su kwana a ciki, duk da yarjejeniyar ta hana. Wanda ya daina biya kuwa, doka ta ba kamfani damar yi masa sanarwa, sannan ya yi gwanjon abin da ke ciki. A kan wannan gwanjo aka gina shirin talabijin na Storage Wars da ya fara a 2010.

Ba a san Daura da irin waɗannan kamfanoni ba. Amma harkar tana nan, kuma a fagen dabara mutanen Daura ba su da abin koyo a wurin kowa. Abin da ya bambanta su da na can abu ɗaya ne, kuma shi ne ya kamata ya dami duk mai ajiya: a can kowane ɗaki yana da takarda, a nan kuwa dukiyar mutane tana kwance ne a kan maganar baki.

Daga rumbu zuwa shago

Ajiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Gidan manomi ba ya cika sai da rumbu, ko na kara ko na ƙasa, a ɗage a kan duwatsu don kada danshi da gara su kai ga hatsi. Ana zuba gero da dawa da zangarniyarsu, dami a kan dami, ba a sussukawa sai wanda za a ci. Maigida ne ke buɗewa, kuma yawan rumbunansa shi ne ma'aunin ƙarfinsa a idon gari. A ƙauyukan Baure da Zango da Sandamu har gobe rumbu na tsaye yana aikinsa.

Fatake ma suna da nasu tsarin tun zamanin da ake zuwa Gwanja sayen goro. Baƙon ɗan kasuwa yana sauka ne a gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan an yi ciniki bashi. Babu takarda a tsakani, domin sunan fatoma shi ne jarinsa. Ranar da aka ce kayan baƙo sun ɓace a gidansa, ranar sana'arsa ta mutu.

Abin da ya sauya shi ne gida. Fuloti a cikin garin Daura ya yi tsada, ana yanka shi ƙanana, ana cike shi da gini har bakin katanga. Malamin makarantar da ke haya a ciki da falo yana da gona a ƙauyensu, yana samun buhu goma ko ashirin a shekara, amma ba shi da inda zai kafa rumbu, kuma mai gidan hayar ba zai yarda a cika masa tsakar gida da buhuna ba. A shekarun mulkin marigayi Muhammadu Buhari, daga 2015 zuwa 2023, garin ya ƙara cika da baƙi. An kawo Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, an kawo Jami'ar Sufuri, ga asibitin Sojojin Sama, ga aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa ta Daura. Masu kuɗi suka yi ta gina shaguna a bakin tituna da tsammanin ciniki. Ba kowane shago ne ya samu mai kasa kaya ba. Waɗanda suka rage, musamman na lunguna inda ƙafa ba ta yawan bi, su ne suka zama rumbunan zamani.

Abin da ke bayan ƙofa

A fara da uwar amarya, domin ita ce ta fi kowa iya amfani da shagon ajiya. A al'ada, kayan ɗaki nauyin iyayen yarinya ne: gado, katifa, kujeru, labule, tukwane, kuloli da sauran tarkacen kicin. Babu talakan da zai iya sayen wannan a rana ɗaya. Don haka uwa takan fara tari tun yarinya tana sakandare. Ta ɗauki adashi ta sayi kwanuka, ta sayar da akuya ta sayi katifa, wata shekarar ta ƙara da injin markaɗe. A da ƙarƙashin gado ne ma'ajinta. Yanzu kayan sun fi ƙarfin ƙarƙashin gado, kuma ajiye su a gida yana da nasa fitinar. Baƙo ya zo a ce a ara masa katifar. Ƙanwar miji za ta yi biki a ce a ba da kwanukan, za a biya. Maigida ya shiga matsi, idonsa ya faɗa kan kwalayen. Ga idon kishiya, ga na maƙwabta. Sai ta haɗa kai da ƙawayenta biyu ko uku su kama shago ɗaya, kowacce da kusurwarta, ɗan wata daga cikinsu ya riƙe makulli.

Wanda ya kalli wannan a matsayin son tara tarkace bai fahimci lissafin ba. Matar nan ta ga yadda naira ke zubewa. Ta ga wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da mutum ke da kuɗi a banki amma ba ya iya cire na cefane. Ta ga yadda farashin komai ya tashi bayan cire tallafin mai a watan Mayun wannan shekarar. Katifar da ta saya bara ta fi kuɗin da za ta bari a asusu daraja a bana. Shagon nan bankinta ne, kuma banki ne da ta fahimci yadda yake aiki.

Sai ɗalibai. Hutu ya zo, kuɗin hayar ɗaki ya ƙare, ɗan Bauchi ko ɗan Kogi ba zai ɗauki katifa da risho da bokiti ya hau mota da su ba. Su biyar ko shida sukan haɗa kuɗi su zuba kayansu wuri ɗaya har a dawo. 'Yan ci-rani ma haka: wanda zai tafi Legas ko Fatakwal bayan girbi yakan kulle amfanin gonarsa inda hannun 'yan'uwa ba zai kai ba, ya bar wa iyali abin da zai ishe su, saura sai ya dawo da bazara.

Akwai masu hayar rumfunan biki da kujerun roba da lasifika, waɗanda shagon ne dukan ofishinsu, lambar waya ce kawai a jikin ƙofa. Akwai 'yan acaɓa da masu Keke Napep da ke biyan wani abu duk dare don abin hawansu ya kwana a kulle, saboda zauren gidansu ba shi da ƙofar kirki. Akwai ma'abota hawa. Kayan doki na Hawan Magajiya da na Sallar Gani, sirdi da jalala da linzami da rigunan mahaya, dukiya ce mai tsada da ake fito da ita kwanaki kaɗan a shekara, sauran watannin tana buƙatar wuri busasshe da ɓera ba ya shiga. Kasuwar Mai'adua kuwa ranar Lahadi take ci. Ɗan kasuwar da ke zuwa daga Kano ko daga Matamaye da Damagaram ba ya son ya riƙa jigilar ragowar kaya duk mako, don haka yana da ɗakin da ba ya buɗewa sai ranar kasuwa. Wannan shi ne aikin fatoma na da, sai dai yanzu fatoman ba ya kwana kusa da kayan.

Akwai kuma waɗanda shagon ajiyarsu ke da wani amfani na biyu da ba a faɗa. Saurayin da aka damƙa wa makulli yakan shimfiɗa tabarma a tsakanin buhuna ya mayar da wurin ɗakin kwanansa, a ce gadi yake yi. Tela yakan ajiye keke a kusurwa don aikin dare idan Sallah ta matso. Wani kuma, a gaskiya, hutawa kawai yake zuwa yi daga hayaniyar gida.

Ba kowane mai ajiya ne mai ɓoyewa ba

Kulle kaya a shago ya samu mummunan suna a 'yan shekarun nan, kuma akwai dalili. Daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe iyakar, har zuwa Maris na 2024. Ga masarautar da ke da Kongolam da Babban Mutum, wannan ba labarin rediyo ba ne. Duk shagon da ke kulle a kusa da iyaka sai ya zama abin zargi: ko shinkafar waje ce a ciki, ko jarkokin fetur ne ke jiran dare. A watan Fabrairun 2024, da tsadar abinci ta kai maƙura, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu manyan sito-sito a yankin kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Tun daga nan, a bakin mutane da yawa, duk mai buhu a kulle azzalumi ne.

Wannan hukunci ya yi faɗi da yawa. Malaman fiƙihu sun daɗe da bambance mutum biyu. Akwai wanda ke shiga kasuwa lokacin da abinci ya yi ƙaranci ya kwashe, ya kulle, yana jiran jama'a su galabaita. Wannan shi ne mai ɓoyewa da addini ya la'anci aikinsa. Akwai kuma manomin da ya adana abin da ya noma, ko magidancin da ya sayi abincin shekara da kaka lokacin da kasuwa ta cika. Wannan tanadi ne, kuma tun daga ƙissar Annabi Yusuf (AS) an san cewa ajiyar shekarun yalwa ita ke ceton mutane a shekarun fari.

A yi tunanin abin da zai faru idan kowane ƙaramin manomi ya ji tsoron ajiya. Da kaka duk za su kai kasuwa lokaci ɗaya, farashi ya faɗi warwas, masu manyan motoci da manyan sito su kwashe. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ana neman kuɗin taki, manomin nan zai dawo ya sayi geron da ya sayar da tsada. Dubban ƙananan ma'ajiyai a hannun talakawa su ne ke hana hatsin gari taruwa a hannun mutum goma.

Kuma ajiya ba riba ce tabbatacciya ba. Waɗanda suka sayi hatsi da tsada a kakar 2024 suna jiran ya ƙara tashi sun sha mamaki, domin bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci, farashi ya yi ta sauka a 2025. Mutane da yawa sun buɗe shago sun tarar jarinsu ya ragu, ga kuɗin haya sun biya. Kasuwa ta hukunta masu haɗama da kanta, sai dai ta haɗa har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar shagon ajiya ta gaskiya tana bayyana ne ranar da wani abu ya faru.

A ɗauki mutuwa. Magidanci ya kama shago bai gaya wa kowa ba, saboda dalilin kama shi tun farko shi ne kada a sani. Allah Ya yi masa rasuwa. Magada sun zauna rabon gado, an lissafa gida da gona da babur, babu wanda ya ambaci buhu talatin na wake da ke wata unguwa. Mutum ɗaya ne ya sani, mai shagon. Idan mai tsoron Allah ne zai zo ya faɗa, kuma da yawa suna zuwa. Idan ba haka ba, haƙƙin marayu ya tafi, babu shaida, babu wanda zai yi ƙara don babu wanda ya san an yi asara. Na mata ya fi muni. Matar da ta tara kayan ɗakin 'yarta shekara shida a shagon da aka kama da sunan ɗan ƙawarta, idan ta rasu ko aka samu saɓani tsakanin ƙawayen, da me 'yarta za ta nuna cewa katifar nan da gadon nan na mahaifiyarta ne?

A ɗauki kuɗin haya. Ɗan ci-rani ya yi niyyar wata huɗu ya shekara biyu, wayarsa ba ta shiga. Mai shago yana da mai son kamawa. Ya fasa kwaɗon? Ya fitar da kayan ya ajiye a ina? Ya sayar ya cire kuɗinsa? A Amurka akwai amsa a rubuce, ko da amsar ba ta da tausayi. A nan kowa da yadda zuciyarsa ta raya masa, kuma ƙarshenta a gaban mai unguwa ko alƙali ake ƙarewa, kowa na rantsuwa.

Ko a shari'a ma akwai tambayar da yawancin masu wannan hulɗa ba su taɓa yi wa kansu ba: shin ajiya aka ba mai shago, ko haya ya bayar? Wanda aka ba ajiya amana ce a hannunsa, wajibi ne ya kula da ita, kuma idan ya yi sakaci zai biya. Wanda ya ba da hayar ɗaki kuwa, ya miƙa makulli ya tafi, bai ɗauki alkawarin tsaron abin da ke ciki ba. Mai kaya yana ganin ya ba da ajiya, mai shago yana ganin ya ba da haya. Ba sa gane sun saɓa sai ranar da ɓarawo ya fasa rufi ko ruwan sama ya jiƙa buhuna.

Sai wuta. Ba asiri ba ne cewa wasu shagunan da ke kulle fetur ne a ciki, na 'yan bumburutu ko na masu jiran tsallakawa da shi. Jarkar fetur a ɗaki marar taga, da zafin watan Afrilu na Daura, a jikin bangon shagon da firiza ke aiki da wayar lantarkin da aka ja ta bayan gida, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Gobarar babbar kasuwar Katsina ta watan Maris na 2021 ta nuna yadda wuta ke cin shaguna a jere kafin motar kashe gobara ta samu hanyar shiga. Uwar amaryar da ta kama shago mai lamba uku ba ta da hanyar sanin abin da ke cikin mai lamba huɗu.

Na ƙarshe ya fi sauran tafiya a ɓoye, wato maganin ƙwari. Wake ba ya jure ajiya, ƙwari na huda shi cikin 'yan makonni. Don haka wasu ke zuba masa ƙwayar hayaƙi, wasu ma su yayyafa masa maganin feshi irin su Sniper, wanda ba a yi shi don abinci ba. Saboda ragowar irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Turawa sun kare kansu, waken ya dawo tukunyar gida. Ƙwayar hayaƙin kuwa iska mai kisa take fitarwa a rufaffen ɗaki, kuma a irin wannan ɗakin ne saurayin nan mai gadi ke shimfiɗa tabarmarsa. Abin takaicin shi ne akwai mafita mai sauƙi. Buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da ko ɗigon magani ba. Duro ko jarka mai murfi da ke rufuwa gam ma haka suke aiki. Sun fi buhun gama-gari tsada a ranar saye, amma ana maimaita amfani da su.

Takarda ɗaya, shaidu biyu

Gyaran bai kai a jira kamfani daga Legas ko wata doka daga Abuja ba. Takarda ce guda ɗaya, da Hausa, boko ko ajami. Sunan mai shago, sunan mai kaya, ko sunayensu duka idan haɗaka ce. Haya ce ko ajiya. Nawa ne, zuwa yaushe. Wane irin kaya ne za a sa, da alkawarin babu fetur, babu kwana a inda aka sa magani. Wata nawa za a jira idan ba a biya ba kafin a buɗe, kuma a gaban wa za a buɗe. Sai layi mafi muhimmanci: sunan mutum ɗaya da za a nema idan mai kayan ya rasu ko aka daina jin ɗuriyarsa. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa.

Za a ce wannan rashin yarda ne, kuma Bahaushe yana jin nauyin ya ce wa wanda ya sani a rubuta. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ta sauka ne ga Sahabbai, waɗanda babu wanda ya kai su amana. Manzon Allah (SAW) da zai yi hijira sai da ya bar Sayyidina Ali (RA) a Makka ya mayar wa mutane ajiyarsu. Limaman Juma'a na masarautar za su iya cire wa mutane wannan kunyar da huɗuba ɗaya a farkon kaka.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma bai kamata a raina shi ba. Sirri shi ne rabin amfanin shagon ajiya. Matar da ta ɓoye kayan 'yarta ba za ta so sunanta ya shiga wani littafi da kowa zai buɗe ba. Ɗan kasuwa kuma yana tsoron duk rajistar da ta isa sakatariyar ƙaramar hukuma za ta dawo masa da mai karɓar haraji, ko da jami'in da zai zo neman na goro. Tsoron nan yana da tushe. Shi ya sa bai kamata abin ya zama rajistar gwamnati ba. Takardar ta tsaya tsakanin masu hulɗar da shaidunsu. Idan ana son kwafi na uku, a rufe shi a ambulan a ba mai unguwa ko limamin unguwa, kada a buɗe sai an yi mutuwa ko rigima. Masarautar Daura, ƙarƙashin Mai Martaba Sarki Alhaji Umar Faruk Umar, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane lungu, kuma su ne dama ake kai wa ƙara idan abin ya lalace. Samfurin takarda ɗaya daga fada, wanda kowane mai shagon kwafi zai iya bugawa, zai rage musu zaman sulhu.

Abin da ya shafi hukuma kai tsaye shi ne fetur. A nan babu batun sirri, domin haɗarin na maƙwabta ne. Masu jerin shaguna su ne ya kamata a ɗora wa alhakin sanin cewa babu mai a gininsu, tunda su ke karɓar kuɗin haya.

Akwai kuma darasi a tsallaken iyaka. Tun ƙarshen shekarun 1990, da tallafin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyoyin manoma a Nijar suke wani tsari na jinginar da amfanin gona. Da kaka manoma su zuba hatsinsu a sito ɗaya, a rubuta buhunan kowa. A sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da zai ba da rance. Manomi ya karɓi wani kaso na darajar hatsinsa ya yi sana'ar rani, kiwo ko lambu. Bayan wata biyar ko shida ya biya, a buɗe sito, ya ɗauki kayansa lokacin da suka yi daraja. Tsarin yana da nasa cikas. Shekarar da farashi ya faɗi, irin 2025 a Najeriya, manomi na iya fita da asara, kuma kuɗin ruwan da ke cikinsa ba zai karɓu ga mutane da yawa a Daura ba. Amma jingina halal ce, kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da hanyoyin da za a iya gina irin wannan a kansu. Sharaɗin farko dai shi ne buhun ya kasance a rubuce. Babu mai ba da rance a kan hatsin da shaidarsa kawai ita ce mai shayin gefen shago ya ga ana sauke shi da daddare.

Kaka na zuwa, kuma masu shaguna a lungunan Daura da Mai'adua da Zango za su fara samun masu tambayar ko akwai wanda ba kowa a ciki. Cikinsu akwai malamin makaranta da buhunansa goma sha biyu, da mata uku da suka haɗa kuɗin adashi, da yaron da za a ba makulli a ce ya riƙa kwana a wurin.